Darbejiya, Madaci, Tsamiya ko Ceɗiya: Wace Bishiya Za a Dasa a Filin Unguwa?

Da zarar kwamitin unguwa ya yanke shawarar gyara fili, ko harabar masallaci ce, ko farfajiyar makaranta, ko dandalin gaban kasuwa, gardamar farko takan tsaya a kan wace bishiya za a dasa. Wani ya ce darbejiya, tunda ita ta rufa wa titunan Marwa, a arewacin Kamaru, asiri. Wani ya ce mangwaro, a samu inuwa a samu na sha. Dattijo ya ce madaci, irin waɗanda suka girma a tsofaffin unguwannin Garwa da Injamena. Kowa da gaskiyarsa, amma ana fara lissafin ne daga wutsiya. Dashen da za a sayo a gidan renon itatuwa shi ne abu mafi araha a aikin baki ɗaya. Kuɗin yana wajen ruwa da kariya a rani biyu na farko, kuma ƙasar filin ita take yanke hukunci kafin kowa ya buɗe baki.

Abubuwan da za a auna

Na farko ƙasa. A haƙa rami uku a wurare daban-daban, zurfin santimita 60, a cika su da ruwa da yamma. Ramin da aka wayi gari ya shanye, ƙasarsa jigawa ce ko turɓayar bakin mayo, wato kogi, kusan kowace bishiya za ta yi a can. Wanda ruwa ya kwana ya wuni a ciki, ko dai karal ne, baƙin laka mai tsagewa da rani, wanda ake noman muskuwari, dawar rani, a kai, ko kuma harde, faƙon nan mai tauri da diga ke tsalle a kansa. Waɗannan biyun suna kashe yawancin itatuwan da mutane suka fi so.

Na biyu ruwa, kuma a nan ya kamata a zauna da alƙalami. Marwa tana samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, Garwa wajen 1,000, Kusuri da Injamena ba su cika wuce 600 ba, kuma kusan duka yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba. Daga Oktoba zuwa Mayu mako 35 ne. Dashe ɗaya yana son jarka mai lita 20 sau biyu a mako, sau uku a bazara lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Jimla wajen lita 1,600 ke nan, wato jarka 80, ko duro takwas masu lita 200. Bishiya talatin, jarka 2,400. A ninka da farashin jarka a unguwarku: idan sefa 25 ce, kowace bishiya ta ci jaka biyu, wato sefa 2,000, a ranin farko, idan 50 ce ta ci jaka huɗu. Kwamitin da ba shi da wannan kuɗi ko wannan ƙarfi, ya rage yawan ramuka tun yanzu.

Sai dabbobi, da nisan gini da rijiya da salga da wayar lantarki, da shekarun da za a jira kafin a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi, da kuma abin da hannun mutane zai yi wa bishiyar idan ta girma. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, alhali shi ne ajalin madaci.

Darbejiya

Wasu na ce mata dogon yaro, Fulanin Marwa na ce mata gannyi. Asalinta Indiya. Babu wadda ta fi ta saurin biyan buƙata: a ƙasa mai shan ruwa, shekara uku zuwa huɗu ta isa a zauna a ƙarƙashinta, kuma tana riƙe ganyenta a bazara, lokacin da inuwa ta fi komai daraja. Dashenta ya fi kowanne araha, kai, ana ma iya tono waɗanda suka tsiro da kansu a gindin manya. Gara ba ta cika damunta ba. Ban ruwa na rani ɗaya yakan ishe ta, biyu a Kusuri.

Aibinta uku ne. Ba ta jure kwanciyar ruwa: kwana kaɗan saiwarta na cikin laka sai ganye ya yi rawaya ya zube, don haka a karal sai dai a kan tudun da aka tara, tsayin santimita 40 ko fiye. Na biyu, saiwarta tana bin gefe, tana ɗaga daɓe tana tsaga katanga, musamman inda akwai faƙo a ƙasa da ya hana ta nutsawa. A ba ta mita biyar zuwa shida daga kowane gini, mita bakwai tsakanin ɗaya da ɗaya. Na uku, idan aka sare mata kai gaba ɗaya don itacen girki, rassan da za ta fitar ba su da ƙarfin gindi, su ne guguwar farkon damina ke karyowa a kan rufin kwano.

Akwai darasi kuma daga shekarun 1980, lokacin da wani ƙaramin ƙwaro mai manne wa ganye ya afka wa darbejiyoyin yankin Tafkin Chadi, ya busar da da yawa. Filin da darbejiya ce kaɗai a cikinsa, cuta ɗaya ta isa ta mai da shi fayau.

Wanda zai shuka iri da kansa ya sani ƙwayar darbejiya ba ta ajiyuwa. Bayan 'yan makonni da nuna ba ta tsira.

Madaci

Shi ne sarkin inuwa idan ya samu wuri. Yana kai mita 25 zuwa 30, gangarsa miƙaƙƙiya, inuwarsa tana can sama, iska na ratsawa, rumfuna da motoci na iya zama a ƙarƙashi. Yana shekara fiye da ɗari. Yana son ƙasa mai zurfi da laima, irin ta bakin Binuwai ko kusa da Mayo Kaliyaw da Mayo Tsanaga. A Garwa yana tashi cikin sauƙi, a Kusuri sai an dage da ban ruwa rani biyu zuwa uku.

Yana da jinkiri: shekara bakwai zuwa goma kafin inuwa mai amfani. Akwai tsutsa mai shiga cikin tohon kansa ta kashe shi, sai dashen ya rabu biyu ko uku tun yana ƙarami. Maganinta almakashi: a zaɓi toho mafi ƙarfi, a yanke sauran tun suna kamar yatsa.

Babban abokin gabansa dai mutum ne. Ɓawonsa mai ɗaci magani ne na zazzaɓi da ciwon ciki, saboda haka kowa ya zo wucewa sai ya ɓantara. Duba madatan da ke bakin hanya: daga gwiwa zuwa iya tsayin hannu duk tabo ne, wani jajir sabo, wani ya yi baƙi ya kumbura. Muddin saran yana gefe ɗaya, bishiya na warkewa. Ranar da ya zagaye ganga, abincin da ganye ke aikawa saiwa ya yanke, bayan shekara ɗaya ko biyu ta bushe a tsaye. Makiyaya kuma na sassabe rassansa su ba shanu da rani. Saboda haka madaci na harabar da ke da katanga da mai gadi ne: asibiti, makaranta, fada. A buɗaɗɗen fili sai an naɗe gangar da ragar waya har tsayin mita biyu, ana sassauta ta duk shekara don kada ta nutse cikin ɓawo. Tazara mita 10 zuwa 12, kuma kada a kuskura a sa shi a ƙarƙashin wayar lantarki.

Tsamiya

Inuwar tsamiya ta fi kowace kauri da sanyi, iska ba ta kayar da ita, fari ba ya kashe babba, kuma tana iya binne jikokin wanda ya dasa ta. Ciyawa ba ta tsira a gindinta, wanda a filin zaman jama'a alheri ne: ba sassabe, ba maɓoyar maciji. 'Ya'yanta suna ajiyuwa, kasuwarsu na tashi da azumi. Tana jure laka fiye da darbejiya, muddin ruwa ba ya kwanciya.

Farashinta shi ne haƙuri. Shekara goma zuwa goma sha biyar kafin ta yi inuwar kirki, kuma a shekarun farko tana nan kamar ba ta motsi, akuya kuwa na son ganyenta mai tsami, don haka kariyarta sai ta yi shekara huɗu ko biyar. Wadda aka yi wa aure tana 'ya'ya cikin shekara uku zuwa biyar, amma ta fi tsada kuma ba ta yin girman ta iri. Sannan akwai maganar da kowa ya sani, cewa tsamiya gidan iskoki ce. Ko an yarda ko ba a yarda ba, a tambayi maƙwabta kafin a dasa ta a ƙofar gidan wani. An sha ganin dashe lafiyayye ya ɓace dare ɗaya ba akuya ba gara.

Ceɗiya da durumi

Su ne itatuwan ƙofar fada da dandali tun kafin zuwan darbejiya. Fifikonsu a wajen dashe yake: ba a bukatar leda ko gidan reno. A saro reshe mai kaurin damtse, tsayin mita biyu da rabi, a ƙarshen bazara, a bar shi a inuwa kwana biyu ƙaron ya tsane, a binne santimita 50 zuwa 60 idan ruwa ya sauka, a danne ƙasar sosai kada ya riƙa motsi. Tohon zai fito a sama inda bakin akuya ba ya kaiwa, abin da ya rage sai a ɗaure gangar da ƙaya kada a gwaguye ɓawon. Kusan kyauta ke nan, kuma inuwa cikin shekara uku zuwa biyar. Ba duk reshe ne ke kamawa ba, a tanadi ƙari.

Saiwarsu ce matsala. Tana jin ƙanshin ruwa daga nesa, tana shiga rijiya, salga, kwalbati da bututu. Mita goma sha biyar daga duk waɗannan, goma daga katanga. A ƙaramin fili da gidaje suka kewaye, a haƙura da su.

Mangwaro

Kowa na son sa, kuma shi ya fi mutuwa a filayen jama'a. Lambunan mangwaron da ake gani a bakin mayo suna tsaye ne a kan ruwan da ke kusa a ƙarƙashin yashi. Inda rijiya ke da zurfi, sai an shayar da shi rani uku ko huɗu, da ninkin abin da darbejiya ke sha. A karal tsagewar laka na tsinka masa saiwa, gara kuma na cin sa da zarar ya ji ƙishi. Mai aure na 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu, dashensa ya ninka na darbejiya sau da dama. Idan ya fara 'ya'ya kuma sai jifa: duwatsu a kan rufi, yara a kan reshe, da rigimar wa ke da shi. Ya dace da harabar da ke da foraj, wato rijiyar burtsatse, da ƙofa, inda aka riga aka rubuta wanda zai tsinka da inda kuɗin zai shiga.

Gawo, aduwa, bagaruwa

Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, 'ya'yansa abincin dabbobi ne. A kasuwar shanu ko gefen filin idi babu kamarsa. Ƙaya gare shi kuma inuwarsa ba ta da kauri, don haka ba na filin wasan yara ba ne. Saiwarsa na nutsawa da sauri, dashen da ya wuce wata uku ko huɗu a leda ya riga ya nannaɗe. Idan akwai wanda ya tsiro da kansa a filin, a kare shi a gyara masa rassa, ya fi sabon dashe nesa ba kusa ba.

A harde, aduwa ce ke rayuwa, a hankali. A kwarin da ruwa ke kwanciya wata ɗaya ko biyu, bagaruwa. Ba don kyau ake zaɓensu ba, sai don babu wanda zai tsaya a wurin in ba su ba.

Biyu kuma a kauce musu. Itacen turare inuwarsa siririya ce, yana shanye laimar maƙwabtansa, yana sakin reshe ba sallama, amfaninsa azara. Sai furosofis, ƙayar nan da aka shigo da ita daga nahiyar Amurka, wadda ta mamaye wurare da yawa a gaɓar Tafkin Chadi: awaki na yaɗa irinta, ƙayarta na huda taya da takalmi.

| Bishiya | Inuwa ta fara | Ban ruwa | Ƙasa | Tazara | Kuɗi gaba ɗaya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Darbejiya | shekara 3-4 | rani 1-2 | mai shan ruwa | mita 7 | kaɗan | kwanciyar ruwa, tsaga gini |
| Madaci | 7-10 | rani 2-3 | mai zurfi da laima | 10-12 | matsakaici | ɓantarar ɓawo |
| Tsamiya | 10-15 | rani 2 | kusan kowace, ban da kwari | 10-12 | matsakaici, saboda doguwar kariya | akuya, jinkiri |
| Ceɗiya, durumi | 3-5 | rani 1-2 | mai laima | 12 | kaɗan ƙwarai | saiwa a rijiya da salga |
| Mangwaro | 5-6 | rani 3-4 | turɓaya, ruwa kusa | 10 | da yawa | ƙishi, gara, jifa |
| Gawo | 8-10 | rani 1 | jigawa mai zurfi | 10 | kaɗan | ƙaya, nannaɗewar saiwa |

Kariya: zaɓi na biyu

Ƙayar shinge ba ta da tsada, amma damina ɗaya take yi, gara ta ci ƙasanta, masu neman itace su zare samanta, kuma sai an sassare wasu itatuwa kafin a same ta. Tsohon duro da aka fasa gindinsa tanda ne a watan Afrilu, yana gasa dashe.

Ragar waya: da'ira mai faɗin mita ɗaya tana cin mita uku da ɗan ƙari, don haka naɗi mai mita 25 ya ishi bishiya bakwai. Tsayi mita ɗaya da rabi, turaku uku na ƙarfe, a binne bakin ragar santimita goma don 'yan awaki ba sa tsallakawa, kutsawa suke yi ta ƙasa. Ana iya cire ta bayan shekara biyu a kai wa sabon dashe. Haɗarinta ɓarawo, saboda haka a zuba wa turakun siminti.

Bulo: ɗaki mai faɗin mita 1.2, jeri bakwai, ana barin taga tsakanin bulo da bulo, yana cin bulon siminti hamsin zuwa sittin. Ya fi tsada, ba a sace shi, kuma idan bishiya ta girma sai a rushe saman a bar jeri biyu su zama wurin zama. Idan aka gina shi ba taga, zafi ya taru a ciki, dashe ya yi tsawo ba ƙarfi, mutane kuma su mai da shi bola. Ga tsamiya da madaci bulo ya fi, ga darbejiya raga ta wadatar.

Don shingen gefe, lalle ko aguwa. Bini-da-zugu na kamawa da sauri, amma 'ya'yansa guba ne ga yara, kada ya kusanci makaranta.

Ramin da lokacin

Kowace aka zaɓa, rami santimita 60 ta kowane ɓangare, a harde mita ɗaya har sai an fasa faƙon. A haƙa tun watan Mayu. Ƙasar sama a gefe guda, ita za a gauraya da ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya cikin uku, a mayar. Ɗanyen kashin shanu na ƙona saiwa kuma na kiran gara. A dasa daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, bayan laima ta nutsa kamu biyu. Dashen ƙarshen Agusta, wanda aka saba yi saboda jiran manyan baƙi, rani na riskarsa saiwa ba ta kama ba. A yanke gindin leda da wuƙa, yatsa biyu, don cire saiwar da ta murɗe, a cire ledar gaba ɗaya, wuyan dashe ya tsaya daidai da fuskar ƙasa.

Abubuwa uku na rage jarkoki. Kunya mai siffar rabin wata a ƙasan gangare, faɗin mita biyu, bakinta na kallon inda ruwa ke gangarowa. Tulun ƙasa mai lita goma zuwa sha biyar da aka binne har wuya, taƙi ɗaya daga dashe, a rufe bakinsa saboda sauro, yana tsatsa a hankali kai tsaye ga saiwa. Sai ruwan da ake zubarwa a banza: na alwala da na bakin foraj. Ƙaramar kwata zuwa ramin tsakuwa tsakanin bishiya biyu ta ɗauke wa kwamiti ban ruwansu har abada. Ruwan wanki mai omo ban da shi.

Game da shimfiɗa koriyar ciyawa irin ta otal: da bazara kowane murabba'in mita na shan lita shida ko fiye a rana. Fili mai murabba'in mita 500 zai sha lita 3,000 kullum, wato kusan abin da dashe biyu za su sha a rani guda. A zuba marmara ko yashi a share, inda zaizaya ke ci a dasa layin jema.

Wa ya dace da me

Masallacin unguwa mai ƙaramar haraba: darbejiya biyu ko uku a kan kwatar alwala, nesa da katanga, da tsamiya ɗaya a kusurwa idan maƙwabta sun amince.

Makaranta mai katanga da foraj: layin darbejiya a yamma da azuzuwa don tare ranar la'asar, madaci a tsakiyar farfajiya, mangwaro huɗu ko biyar kusa da famfo, kowane aji da bishiyarsa. A tanadi mai shayarwa lokacin hutu.

Babban dandali a buɗe, ba mai gadi: ceɗiya ko durumi a tsakiya, darbejiya a kewaye. Tsarin da ya fi dacewa a nan shi ne cakuɗawa: tsamiya kowane mita 12, darbejiya a tsakaninsu, da yarjejeniya a rubuce cewa bayan shekara goma zuwa sha biyu za a rage darbejiyoyin don tsamiya ta buɗe. Idan ba a rubuta ba, ranar sara babu wanda zai yarda, tsamiyar kuma ta shaƙe a inuwa. A sanar da ma'aikatan gandun daji kafin a sa gatari.

Kasuwar dabbobi da tasha: gawo da darbejiya, cikin bulo, don raga ba ta tare shanu.

Fili na karal: bagaruwa a kwari, darbejiya da tsamiya a kan tudun da aka tara. Na harde: rabin wata da manyan ramuka a shekarar farko, aduwa da 'yan darbejiyoyi na gwaji, sauran dashen a shekara ta biyu bayan an ga inda ruwa ya shiga.

Duk inda filin yake, a je wa masu sarautar unguwa, jauro ko lawan, a Chadi bulama, sannan ofishin magajin gari, kafin a haƙa rami na farko. A yankinmu dasa itace kan zama da'awar mallakar fili, don haka takardar ta faɗi ƙarara cewa itatuwan na unguwa ne, ta kuma ambaci sunan wanda zai riƙe jarka daga Oktoba zuwa Mayu da abin da za a riƙa ba shi a wata.